Kekunan da aka yi wa layi jiya, yau sun yi kwantai

A ƙarshen shekarar 2023, kamfanin Kona, ɗaya daga cikin sanannun masu kekunan hawan duwatsu a Arewacin Amurka, ya fitar da sanarwar da ta sa 'yan kasuwar keke riƙe baki. Ya ce duk wanda ya sayi keke ɗaya daga cikin samfurinsa mai suna Process, za a ba shi na biyu kyauta. Kekuna ne da kowanne ke cin dala dubbai, amma aka wayi gari ana ba da su kamar gyaran da mai tumatir ke ƙara wa wanda ya sayi kashi biyu. Shekara biyu kacal kafin nan, mutum zai shiga kantin keke a Amurka ko Jamus ko Ingila da kuɗinsa a hannu, ya tarar da ƙugiyoyin bango babu komai a rataye, a rubuta sunansa a littafi a ce ya dawo bayan wata shida, wani ma sai shekara ta zagayo.

Tsakanin wancan layin jira da wannan kyauta akwai labarin da duk wanda ya taɓa zaman kasuwa zai gane da wuri, ko da bai taɓa hawa keke mai giya ba. Masana'anta ce sukutum ta yi wa rogo kallon kitse. Da lokacin biya ya zo kuma, nauyin ya fi danne waɗanda hannunsu bai kai ga tsara kuskuren ba, wato ƙananan kantuna da ma'aikata.

Cinikin ya faro ne a watan Maris na 2020, lokacin da korona ta sa duniya cikin kulle. Shiga bas da jirgin ƙasa ya zama abin tsoro, an rufe wuraren motsa jiki, yara suna gida babu makaranta, tafiyar hutu ta tsaya. Keke ya zama abu guda da ke biyan buƙatu da yawa: ka je aiki ba tare da cuɗanya da kowa ba, ka motsa jini, ka fitar da yara su sha iska. Gwamnatoci ma suka ƙara tura motar. Birtaniya ta bar kantunan keke a buɗe lokacin kulle, ta sanar da ware fam biliyan 2 a watan Mayun 2020 domin hanyoyin keke da na masu tafiya a ƙasa, ta kuma raba takardun fam 50 na gyaran keke. Faransa ta ba da yuro 50 ga mai son tayar da tsohon kekensa. Italiya ta ɗauke wa mai saye kashi 60 cikin 100 na kuɗin sabon keke, har zuwa yuro 500. Biranen Paris da Milan da Bogota suka yanki ɓangaren titunan mota suka bar wa kekuna. Kamfanin ƙididdigar kasuwa na NPD ya ce a watan Afrilun 2020 kaɗai cinikin keke da kayansa a Amurka ya kai kusan dala biliyan 1, ƙarin kashi 75 cikin 100 a kan Afrilun shekarar da ta gabata. Jamus ta sayar da kekuna sama da miliyan 5 a 2020.

Yadda ake haɗa keke, da yadda oda ta koma ƙarya

Ba za a gane yadda ciniki mai daɗi irin wannan ya rikiɗe ya zama masifa ba sai an san yadda ake haɗa keke a yau. Sau da yawa sunan da ke rubuce a jikin keke ba shi ne ya ƙera shi ba. Kamfanin Amurka ko na Turai zane yake yi, ya zaɓi launi, ya yi talla. Gangar jikin a Taiwan ake ƙera ta, ko Sin, ko Vietnam, ko Kambodiya. Manyan kamfanonin Taiwan biyu, Giant da Merida, suna ƙera nasu, suna kuma ƙera wa wasu su liƙa sunansu. Giya da birki kuwa, kaso mafi tsoka yana fitowa ne daga hannu ɗaya, wato Shimano na Japan, wanda yake garin Sakai kusa da Osaka tun 1921, sai SRAM na Amurka da ke bin bayansa. Taya daga wani wuri, sirdi daga wani, inji da batirin keke mai lantarki daga Bosch na Jamus ko makamantansa. Keke guda yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan sassa. Ɗaya ya makara, ko da ɗan ƙarfen birki ne da bai kai tafin hannu ba, sauran duk sai su zauna a kwali suna jira.

Ko a lokacin da komai ke tafiya daidai, daga ranar da aka ba da oda zuwa ranar da keke zai tsaya a kanti watanni ne. A 2021 tazarar ta wuce hankali. Jiran wasu kayan Shimano ya kai kwana 400. A watan Yuni dokar kulle ta rufe masana'antarsa ta Malesiya na makonni. A watan Maris jirgin ruwan nan Ever Given ya gitta a mashigin Suwez ya toshe shi kwana shida. Kuɗin ɗauko babbar kwantena, wanda a 2019 bai kai dala 1,500 ba bisa ma'aunin kamfanin Drewry, ya haura dala 10,000 a watan Satumban 2021.

To a nan ne cutar ta shiga, kuma ya kamata mu tsaya mu dube ta da kyau. Mu ƙaddara wani mai kanti a ƙaramin gari, wanda ya saba sayar da keke 100 a shekara. A 2020 kafin tsakiyar shekara kayansa sun ƙare, ga mutum 200 sun rubuta suna. Abin da bai sani ba, da yawa daga cikinsu sun rubuta sunan a kantuna biyu ko uku, da niyyar duk inda aka fara kiransu nan za su saya. Ke nan mai saye ɗaya an ƙirga shi sau uku tun a matakin farko. Mai kanti ya nemi keke 200 wurin dila. Dila ya ce kaya sun yi ƙaranci, kashi ɗaya cikin uku na abin da kowa ya nema za a ba shi. Aka kawo masa sittin da 'yan kai. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a maimaita masa wannan karatu: idan sulusin abin da ka nema ake ba ka, to ka nemi ninki uku. A zagaye na gaba ya rubuta 600, ya kuma raba ƙafa, ya sa wata odar a wani kamfanin don kada ya tashi a tutar babu. Dila ya tattara irin waɗannan takardu daga kantuna ɗari, ya ɗora nasa ƙarin saboda gudun kunya. Kamfani ya karɓa ya ɗora nasa. Kafin lissafin ya isa teburin masu ƙera giya a Japan, ya nuna kamar duniya za ta shekara biyu tana sayen keke ninki uku. Kuma saboda dogon layi, sai aka riƙa ce wa masu kantuna su ba da odar shekara mai zuwa da ta bayanta tun yanzu, in ba haka ba su rasa gurbinsu. Mutum ya sa hannu a kan kayan da zai sayar a 2023 yana kallon cinkoson 2021.

Masana harkar safarar kaya suna da suna ga wannan abu, suna kiran sa tasirin bulala. Mai riƙe da dorina wuyan hannunsa kawai yake ɗan karkaɗawa, amma kafin motsin ya isa baki ya zama tsawa. Haka ɗan canji a wurin mai saye yake girma mataki bayan mataki har ya zama guguwa a masana'anta. Sanannen abu ne, kuma tsoho. Jay Forrester na jami'ar MIT ya yi bayaninsa tun a 1961, daga baya kamfanin Procter & Gamble ya gano shi a cinikin ƙunzugun jarirai na Pampers: jarirai ba sa canza yawan abin da suke ɓatawa daga wata zuwa wata, amma odar da ke isa masana'anta tana hawa tana faɗuwa kamar ba lafiya ba. Idan ƙunzugu da ake amfani da shi kullum ya iya yin haka, ina ga keke.

Domin keke ba shinkafa ba ne. Wanda ya ci yau gobe ma zai ci, amma wanda ya sayi keke a 2020 ya fita daga kasuwa na tsawon shekaru. Kaso mai yawa na cinikin korona mutanen da da ma za su saya a 2022 ko 2023 ne suka gaggauta. An ci cinikin gobe a yau, aka kuma lissafa shi a matsayin sabon ciniki mai ɗorewa. Wannan a ganina shi ne tushen kuskuren, duk sauran rassa ne.

Sai kayan suka iso a lokaci mafi muni. A tsakiyar 2022 masana'antu sun gama cike giɓi, tashoshin ruwa sun warware, kwantenoni suka riƙa sauka a jere, na odar bara da na bana a tare. A daidai lokacin kuma an buɗe gari, kuɗin da mutane suka tara ya koma ga tafiye-tafiye da gidajen abinci. Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu, kuɗin gas da wuta ya yi tashin gwauron zabo a Turai. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin 100 a Amurka a watan Yuni, ta kai 11.1 a Birtaniya a watan Oktoba. Magidancin da ke tunanin yadda zai ɗumama gida a hunturu ba ya tunanin keken fam dubu biyu. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin kekunan da aka saya lokacin kulle, an hau su wata uku aka jingine, sai suka fito kasuwar na hannu a intanet, kusan sababbi, a farashi mai rahusa. Ƙungiyar masu harkar keke ta Birtaniya ta ce a 2022 an sayar da kekuna marasa lantarki kimanin miliyan 1.88, ƙasa da na 2019 da kashi 27 cikin 100, adadi mafi ƙanƙanta cikin shekara ashirin.

Abin da kwantai ke ci

Wanda ya taɓa kai raguna kasuwa gab da Babbar Sallah ya san zafin abin da zan faɗa. Ragon da ya kwana bayan Sallah bai daina cin dusa da harawa ba, farashinsa ya faɗi, ga kuɗin motar mayar da shi. Keke ba ya cin harawa, amma yana cin kuɗin sito, da na inshora, da kuɗin ruwan bashin da aka sayo shi da shi. Kuma wannan kuɗin ruwan ya tashi a daidai lokacin da sito ya cika. Babban bankin Amurka ya ɗaga nasa daga kusan sifili a watan Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin 100 a watan Yulin 2023. Na Tarayyar Turai ya tashi daga ƙasa da sifili zuwa kashi 4 a watan Satumban wannan shekarar. Kayan da aka ciwo bashi aka saya lokacin da bashi ke da arha, sai ga shi ana renonsu lokacin da bashi ya yi tsada.

Keke ma yana da tasa Sallar, wadda masana'antar ta ƙirƙiro wa kanta. Al'ada ce kowace shekara a fito da "samfurin bana", sau da yawa launi kawai aka canza da ɗan ƙaramin abu a giya. Da zarar na bana ya fito, na bara ya zama tsohon yayi ko da ba a taɓa buɗe kwalinsa ba. A lokacin da kaya ke tafiya wannan dabara tana jawo masu saye. A lokacin kwantai kuwa ita ce ke zaftare darajar duk abin da ke sito a dare ɗaya.

Mu koma wurin mai kantinmu mu yi lissafi da shi. A ce keken da aka rubuta wa dala 1,000 shi ya saro shi a 650. Wannan tazara ta 350 ba riba ba ce zalla. A cikinta zai biya haya da wuta da albashi, da ladan makanikin da zai fito da keken daga kwali ya ɗaura ƙafar gaba, ya daidaita giya, ya gwada birki, da kuma gyaran farko da ake yi wa mai saye kyauta. Wata safiya sai kamfanin da ya sayar masa da kayan ya sa ragin kashi 30 cikin 100 a shafinsa na intanet, don shi ma sitonsa ya cika, bankinsa kuma yana ƙwanƙwasa ƙofa. Da rana wani ya shigo kantin, ya shafa sirdi, ya matsa birki, ya hau ya zagaya ƙofar kantin, sannan ya zaro waya ya nuna wa mai kanti: ga shi nan a 700. In ya sallama, dala 50 ce ta rage masa a kan keken da ya yi wata takwas a tsaye. In ya ƙi, mutumin ya tafi gida ya danna waya, an riga an gwada masa girman da ya dace da shi kyauta. Da ragin ya kai kashi 40, kowane ciniki asara ne daga uwar kuɗi, amma dole a yi, domin takardar biyan bashi ba ta jira.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ci min rai. Kamfanonin da suka matsa wa mai kanti ya sa hannu a kan odar shekara biyu, su ne suka dawo suna karya farashi a kansa. A daidai shekarun nan manyan kamfanonin keke na Amurka, Trek da Specialized, da rukunin Pon na Holan sun yi ta sayen kantuna masu zaman kansu suna mayar da su nasu, kuma a farkon 2022 Specialized ya fara aika keke kai tsaye zuwa gidan mai saye. Mai kanti ya wayi gari ubangidansa a sari ya zama kishiyarsa a kiri.

Manyan ma ba su tsira ba. A watan Disambar 2022 Giant, wanda ke sahun gaba a duniya wajen ƙera keke, ya rubuta wa masu kawo masa kaya yana neman su ƙara masa kwana 45 kafin ya biya su. Duk wanda ya san kasuwa ya san ma'anar wannan takarda: babba ya tura matsinsa kan ƙarami. A watan Janairun 2023 Specialized ya sallami kashi 8 cikin 100 na ma'aikatansa. Cinikin kayan keke na Shimano ya faɗi da kashi 29.5 cikin 100 a 2023, daga yen biliyan 517 zuwa kusan biliyan 365, wato bakin bulalar ya dawo ya sami mai ƙera giya. Brompton, mai keken nan da ake naɗewa na birnin Landan, ribarsa kafin haraji ta sauko daga fam miliyan 10.7 zuwa fam 4,602 a shekarar kuɗin da ta ƙare a watan Maris na 2024, kusan farashin keke guda daga cikin mafiya tsadar kekunansa. A Birtaniya dilan nan Moore Large ya durƙushe a watan Maris na 2023, Islabikes mai kekunan yara ya daina ƙera kaya a ƙarshen shekarar. Kona da muka fara da shi, bayan wancan rabon kyauta, sai da mutanen da suka kafa shi suka dawo suka sake saye shi a watan Mayun 2024.

Akwai wasu masu hannu a lamarin da ba a cika ambata ba, su ne masu manyan jari da suka shigo a daidai lokacin da kasuwa ke kan ganiyarta. Pon ya sayi sashen kekuna na Dorel, mai Cannondale da Schwinn da GT, a kan dala miliyan 810, cinikin da aka sanar a ƙarshen 2021. A 2022 rukunin da kamfanin zuba jari na KKR na Amurka ke jagoranta ya sayi kamfanin keke na Accell na Holan a kan yuro biliyan 1.56, aka ɗora masa bashi mai nauyi. Shekara guda bayan nan Accell ya yi asarar kusan yuro miliyan 390, sai da aka zauna da masu bin bashi aka sake lale. Wiggle da Chain Reaction, manyan kantunan intanet na kayan keke a Birtaniya, sun faɗa hannun Signa Sports United a ƙarshen 2021. Da daular attajirin Ostiriya René Benko, wanda ke bayan Signa, ta fara rushewa aka janye tallafin yuro miliyan 150 da aka yi alkawari, sai suka faɗi a watan Oktoban 2023. Ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, rukunin Frasers ya sayi sunayen kawai.

Na VanMoof ya fi ban tausayi ta fuskar mai saye. Kamfanin keke mai lantarki ne na birnin Amsterdam, ya tara dala miliyan 128 daga masu zuba jari a 2021, kotu ta ayyana karyewarsa a watan Yulin 2023. Ya gina kekunansa da sassa irin nasa shi kaɗai, waɗanda makanikin unguwa ba ya da su, ya kuma ɗaure makullin keken da manhajar waya. Da labarin faɗuwarsa ya fito, masu kekunan suka shiga fargabar ranar da za a kashe kwamfutocin kamfanin su kasa sarrafa abin da suka saya da kuɗinsu. Sai da abokin hamayyarsa Cowboy na Beljiyam ya fito da wata manhaja da za ta adana musu makullansu. Daga baya wani kamfani mai suna Lavoie ya sayi VanMoof.

Za a iya cewa babu wanda ya san gobe, kuma wanda ya ƙi yin babbar oda a 2021 da ya zauna da kanti fayau yana kallon maƙwabcinsa na ciniki. Wannan uzuri ne ga mai kanti ɗaya a ƙaramin gari. Ban yarda uzuri ne ga manyan kamfanoni masu ofisoshin lissafi ba, domin tarihin sana'arsu ya riga ya gaya musu. A Amurka cinikin keke ya tashi daga kusan miliyan 7 a 1970 zuwa sama da miliyan 15 a 1973, sannan a 1975 ya koma kusan inda ya fito, ya bar kantuna da masana'antu da kaya jibge. Kafin wannan ma an yi irinsa a ƙarshen shekarun 1890. Su ne ke ganin dukan takardun oda a wuri ɗaya, su ne ke da damar tambayar ko waɗannan lambobi mutane ne na gaske. Sun zaɓi su gaskata abin da ya yi musu daɗi, domin sun san in abin ya juya akwai waɗanda za a tura wa asarar a sama da ƙasa.

Maganar farashi tana da ɗan sarƙaƙiya. A 2021 kamfanoni sun ɗaga farashi, wasu fiye da sau ɗaya, da hujjar tsadar kwantena da ƙarfe. Kwantena ta sauko a 2023, amma farashin da ke rubuce bai sauko da saurin da ya hau ba. Maimakon haka sai aka riƙa rataya masa ragi. Illar wannan ita ce mai saye ya koyi darasi irin wanda mai kanti ya koya a baya: lambar da ke kan takarda ba gaskiya ba ce. Wanda ya ga an yi ragin kashi 40 sau uku, ba zai sake biyan cikakken farashi ba, jira zai yi. A Jamus, inda a 2023 kekuna masu lantarki suka zarce na gargajiya a ciniki a karon farko, miliyan 2.1 a kan miliyan 1.9, matsakaicin farashin mai lantarki ya sauko daga yuro 2,950 a 2023 zuwa 2,650 a 2024, bisa alƙaluman ƙungiyar masana'antar ta ZIV. Harajin fito da Amurka ta ƙara wa kayan Asiya a 2025 ya sake dagula lissafin, domin kusan duk keken da ake sayarwa a can daga waje ake shigo da shi.

Gyaran da ya fi ma'ana shi ne wanda shugaban Trek, John Burke, ya sanar da ma'aikatansa a watan Maris na 2024: rage kashe kuɗi da kashi 10 cikin 100, da rage yawan nau'o'in kaya da kashi 40 kafin samfurin 2026. Keke ɗaya mai launi huɗu da girma shida ya zama kaya ashirin da huɗu a sito, kowanne sai an yi masa hasashen ciniki, kowanne yana iya yin kwantai. Wasu kamfanonin kuma sun fara barin al'adar samfurin shekara, su bar keke a kasuwa har sai an sami canji na gaske.

Duk da wannan, mutane ba su daina hawa keke ba. Wani binciken cibiyar Institut Paris Région da aka fitar a 2024 ya nuna cewa a cikin birnin Paris tafiye-tafiyen da ake yi da keke sun kai kashi 11.2 cikin 100, na mota kuma 4.3. Miliyoyin kekunan da aka saya lokacin kulle suna nan, sarƙarsu tana cinyewa, birkinsu yana lashewa. Shi ya sa kantin da ya riƙe bencin gyara da makaniki mai hannu ya fi samun numfashi a kan wanda ya dogara da jera sababbi a gaban gilashi.

Mu a nan sunan da ya fi taɓa mu a duk wannan jerin shi ne Raleigh. Dattawa sun san lokacin da mallakar Raleigh ke nuna mutum ya kai, har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. An kafa kamfanin a Nottingham, an daina ƙera keke a can tun 2002, Accell ya saye shi a 2012, don haka shi ma yana cikin waɗanda guguwar ta kaɗa, har aka rage ma'aikatansa na Ingila a ƙarshen 2023.

Wani zai tambaya: tunda kekuna sun yi yawa a can, me ya sa ba su yi arha a nan ba, musamman da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, mutane da yawa suka karkaɗe tsofaffin kekunansu? Dalili na farko naira ce. Dalar da ake canzawa a kusan naira 460 a hukumance a farkon Yunin 2023 ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma babu ragin da zai iya cike wannan rami. Na biyu, kayan da suka yi kwantai ba irin namu ba ne. Can kekunan tsere ne da na hawan duwatsu, masu giya goma sha biyu da birki mai aiki da mai, da masu batir. Nan abin da ake nema shi ne baƙin keke mai kauri da kariya, wanda zai ɗauki jarka huɗu ta ruwa ko buhun masara daga gona, irin wanda Hero da Avon ke ƙerawa a Ludhiana ta Indiya, ko Phoenix na Shanghai, wanda kowane mai faci a gindin darbejiya yana da kayansa a akwati.

Jefi-jefi ɗaya daga cikin waɗancan kekunan yana isowa ta hanyar gwanjo, saurayi ya saya yana murna. Ranar da ƙarfen giyar baya ya karye, mai gyara zai kifar da keken a kan sirdi da kai, ya juya feda da hannu, ya duba ya ga babu inda za a sami irin wannan ƙarfen a garin. Sai ya kwance giyar gaba ɗaya, ya rage tsawon sarƙa, ya ɗora ta a kan haƙori ɗaya, ya ɗaure, ya miƙa wa mai shi keke mai gudu ɗaya.